Sunana a Allon Baba

Litinin, 14 ga Oktoba, bayan la'asar

Yau Metir Assibi ta kira ni ofishinta. Metir ake ce wa lauya a nan. Ita majalisar lauyoyi ta ɗora wa binciken halina kafin a bar ni in yi rantsuwar shiga aiki. Kowa sai an yi masa, ba ni kaɗai ba. Na sa sabuwar atamfata na tafi, ina zaton tambayoyin da aka saba ne, su waye maƙwabtanki, kin taɓa shiga hannun 'yan sanda.

Ta ba ni kujera, ta ba ni ruwa, sannan ta juyo mini da kwamfutarta.

"Wannan Kaoutar Boureima, mai cinikin shanu da raguna a Zongo, kin san ta?"

Sunana ne, da ranar haihuwata, da lambar harajina. Rajistar kasuwanci, shekara tara ke nan.

Na ce mata tsohon abu ne, na Baba ne, ni na ma manta da shi.

Ta cire tabarau ta ce, "Kin karanta doka, ba sai na koya miki ba. Lauya ba ya zama ɗan kasuwa. Kuma a fom ɗinki, inda aka tambaya ko kina da wani kasuwanci, a'a kika sa." Ta ce majalisa za ta zauna ranar Alhamis, 31 ga wata. In ranar ta zo sunana yana cikin rajistar nan, in manta da rantsuwa.

Kwana goma sha bakwai. Sun isa.

Talata, 15 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

Tela ya aiko daga unguwar Saint-Michel wai in zo gwajin baƙar rigar lauya. Na ce ya jira.

Laraba, 16 ga Oktoba, lokacin abincin rana, a kabine, ofishin lauyan da nake wa aiki

Na gaya wa Metir Fadel, maigidana a aiki. Shekara uku ina rubuta masa takardun ƙarar haraji, kuma a ƙarƙashinsa zan yi shekaru ukun koyon aiki in an rantsar da ni. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ke da kike tsare 'yan kasuwa kina musu wa'azi su gyara takardunsu? Wanzami ba ya son jarfa." Ya ciro fom ɗin soke rajista daga durowa ya miƙo mini. Sunana ne, in ji shi, ba na bukatar izinin kowa. Safiya guda ta isa.

Da gaskiyarsa. Amma shi bai san inda gizo ke saƙar ba.

Shekarar da na ci bak, jarrabawar gama sakandare, wani otel a Houéyiho ya ce zai riƙa karɓar nama a wurin Baba duk mako, amma sai da faktir, takardar ciniki mai lambar haraji. Baba bai yi wata-wata ba, ya yi abin da kowa yake yi a Zongo: ya duba cikin 'ya'yansa wanda ya yi lakwal, wato boko. Haka ake yi. Shagon Alhaji na kan kwana da sunan ɗansa yake, motocin wancan da sunan ƙanen matarsa. Ina da shekara goma sha tara, aka kai ni na sa hannu, muka biya aka saya mini yogot. Har allo aka rubuta aka kafa a rumfarsa ta kara, da sunana ɓaro-ɓaro. Abin dariya, ni 'yar fari ce, Baba bai taɓa kiran sunan nan da bakinsa ba. "Ke" nake, ko "yarinyar nan".

Da naman otel ɗin nan aka biya mini jami'ar Calavi shekara biyar, digirin lisans da masta a dokar haraji. Da shi aka biya jarrabawar lauyoyi da na faɗi, da wadda na ci. In na soke rajista yau, gobe babu faktir, jibi babu otel.

Mafita ɗaya ce, kuma mai sauƙi: Baba ya yi rajista da sunansa. Yana da katin shaida. Hoto biyu ne da sa hannu.

Fom ɗin yana jakata.

Juma'a, 18 ga Oktoba, bayan an sauko masallaci

Na same shi a zaure yana cin goro, na durƙusa na yi masa bayani dalla-dalla. Ya saurara har ƙarshe, abin da ba halinsa ba. Sai ya ce, "To ai ba wuya. A mayar da sunan Karimou."

Karimou ƙanena. Wanda wata shida ke nan yana gudu a bakin teku duk asuba saboda gasar shiga aikin duwan, wato kwastam. Na ce, "Baba, ma'aikacin gwamnati ma doka ta hana shi kasuwanci. Abin da ya same ni shi zai same shi."

Ya ce, "Kafin nan Allah ya kawo wata dabara. Ga Safina tana tasowa."

Safina ƙanwata tana aji uku a sakandare. Wato haka za a yi ta miƙa abin nan daga kai zuwa kai kamar gammo.

Na ce me zai hana ya sa nasa? Ya tofar da goro, ya ba ni labarin da na ji sau ɗari. Kakanmu Hamma, a can Karimama, zamanin Nasara. Malamin lampo, mai rubuta haraji, ya rubuta shi da shanu arba'in. Ciwo ya shigo garke, aka wayi gari saura shida. Shekara ta zagayo, takarda ta ce arba'in. Aka kwashe shidan, aka ɗaure shi a rana, daga baya ya tsallake kogi da dare da matarsa da ɗa ɗaya a goye. Ɗan shi ne Baba. Da Hamma zai rasu wasiyya ɗaya ya bari: kada sunanka ya shiga littafin lampo.

"Saniya tana mutuwa," in ji Baba, "takarda ba ta mutuwa."

Na ce ai shi ya sa na yi karatun nan. Yanzu in saniya ta mutu ana rubutawa, in an ƙi ji ana kai ƙara, kuma ana ci. Na ci wa mutane sau nawa a teburin Metir Fadel. Ya ce, "Allah ya ƙara basira," ya miƙe ya ɗauki butarsa.

Asabar, 19 ga Oktoba, da hantsi

Ruwa tun asuba. An ce unguwar Ladji ta cika har gwiwa. Ban fita ba.

Lahadi, 20 ga Oktoba, da yamma

Karimou ya shigo ɗakina da takalman gudunsa a hannu. Ya ce, "Yaya, ki sa sunana kawai. Ni gasar ma wa ya san zan ci? Ke kin riga kin kai bakin gaɓa."

Na ce ya fita mini daga ɗaki. Ya tsaya. Na ce in ya ƙara wannan magana zan fasa masa baki, kuma gobe in ban ji fitarsa gudu ba ni zan tashe shi da ruwan randa. Ya fita yana dariya, ni kuma na zauna na yi kuka, don na so in ce to. Wallahi na so. Minti guda cur ina lissafin yadda za a yi a gama kafin Alhamis.

Ba Karimou ba. Ba Safina ba. Na rubuta a nan don in gani da idona.

Talata, 22 ga Oktoba, bayan magariba

Na sake komawa wurin Baba, wannan karon a kara, a gaban rumfa, ƙarƙashin allon. Kuskurena ke nan, da mutane a wurin. Ya ce ya gama magana. Na ce ni ban gama ba.

Na faɗi abin da ba zan rubuta a nan ba.

Dillalai biyu suka sunkuyar da kai. Baba ya dube ni, ya dubi allon, ya juya ya shiga cikin shanu.

Laraba, 23 ga Oktoba, da safe

Na gaishe shi. Bai amsa ba.

Alhamis, 24 ga Oktoba, da safe

Bai amsa ba. Tuwon da aka kai masa jiya ya dawo yadda aka kai shi.

Inna ta tare ni a madafa tana tankaɗe. Ta ce, "Ke wace irin zuciya ce da ke? Uban da ya sayar da bijimin da yake ji da shi ya saya miki littattafai, shi za ki tsaya a kara ki gaya wa magana?" Na ce ƙarya na yi? Ta ce, "Ni ban ce ƙarya kika yi ba. Ai da ƙarya ce da ya ci tuwonsa."

Na je na durƙusa a ƙofar ɗakinsa. Na ce ya yafe mini wurin da na faɗa da yadda na faɗa. Ban ce ya yafe mini abin da na faɗa ba, kuma ya lura. Ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya," yana kallon bango.

Saura kwana bakwai. Fom ɗin yana jakata, har ya fara lanƙwashewa a gefe.

Juma'a, 25 ga Oktoba, ƙarfe uku, a kabine

Yau wata mai sayar da atamfa ta zo da takardar haraji. Na karanta, na ga sun lissafa mata shagon da ta rufe shekara biyu da suka wuce. Na ce ta kwantar da hankalinta, wannan mai sauƙi ne, amma ta gaya mini gaskiya duka, don ba na iya kare abin da aka ɓoye mini. Ina faɗa ina jin kunyar bakina.

To bari in rubuta, tunda littafin nan ba ya kai rahoto majalisa.

Ban manta ba. Yaya zan manta? Ni nake cike takardar harajin rumfar nan duk shekara, da hannuna, sau tara. A kanta na koyi aikin kafin malamai su koya mini. Ranar da nake cike fom ɗin lauyoyi na kai layin nan na tsaya, bik a hannu, na fi minti goma. Na ce a raina ai shanun ba nawa ba ne, ko igiya ban taɓa riƙewa ba. Na ce in an rantsar da ni zan gyara a hankali. Gaskiyar ita ce tsoron zaman nan da Baba nake yi, sai na zaɓi in yi wa takarda ƙarya don ita ba ta da ido. Sannan na zauna gaban Metir Assibi, na sha ruwanta, na ƙara wata a kai.

Rantsuwar da nake haƙilo a kai, a cikinta akwai gaskiya da riƙon amana. Da wane baki?

Ina jin haushin Baba. Ina jin haushin kaina fiye da haka.

Asabar, 26 ga Oktoba

Wanki. Guga. Ban yi magana da kowa ba.

Litinin, 28 ga Oktoba, ƙarfe shida da rabi na safe

Na sa hannu.

Kafin in fita na tsaya a ƙofarsa na ce, "Baba, yau zan kai takardar soke rajista. Ban so ka ji a bakin wani ba. Duk ranar da ka shirya yin taka, ni zan cike maka, ni zan raka ka." Na ji motsin tasbaha. Ban ji komai ba bayan wannan.

Litinin ɗin dai, ƙarfe ɗaya

An karɓa, an buga hatimi, an ba ni rasit. Abin da na shekara tara ina ɗauke da shi, minti arba'in. Da na fito sai na zauna a bencin mai sayar da abarba. Mai zem, babur ɗin haya, ya yi ta mini hon, na ce ya tafi.

Na yanke wa gidanmu otel da hannuna. Na sani. Gobe kuma akwai wadda ta fi wannan.

Talata, 29 ga Oktoba, bayan azahar

Na kai wa Metir Assibi rasit. Ta duba ta ce madalla, ta sa a dosiye, fayil ɗina, ta ɗauka na gama. Ban tashi ba.

Na ce, "Metir, ranar nan na ce miki na manta. Ban manta ba." Na gaya mata duka, har minti goman.

Ta dube ni ta ce, da Hausarta ta mutanen Djougou, "'Yata, kasuwancin da mai shi ya manta da shi ba ya biyan haraji a kan kari shekara tara. Tun ranar na sani. Rahotona biyu ne a rubuce, ina jira in ga wanne za ki sa in kai."

Na tambaye ta ko wannan ɗin zai sa a rantsar da ni. Ta ce ba ta yi mini alkawari ba. Dole ta rubuta cewa na sa a'a a inda ya kamata in sa i, kuma za ta rubuta cewa na dawo da ƙafata. Sauran na majalisa ne. Da zan fita ta ce, "Ni ma da sunana aka sayi motar kawuna. Sai dai ni na soke kafin in cike fom."

Na fito ina jin yunwa, karo na farko cikin mako biyu. Na ci wake da gari a bakin titi kamar 'yar lakwal.

Laraba, 30 ga Oktoba, da yamma

An cire allon. Karimou ya ce Baba da kansa ya hau benci ya kwance shi. Yana jingine a bayan ɗakin Inna, fuskarsa na kallon bango.

Otel sun aiko. Sun ce suna jin daɗin namansa, amma ba faktir ba ciniki. Za su jira zuwa tsakiyar watan gobe, daga nan su nemi wani.

Alhamis, 31 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Majalisa ta zauna. Ba a kira ni ba.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Shiru.

Litinin, 4 ga Nuwamba, da hantsi

Takarda ta zo kabine. Ba su kore ni ba. Ba su kuma karɓe ni ba. An ɗage dosiyena zuwa zaman watan Maris, in sake cike fom, a sake bincike. Abokan karatuna za su yi rantsuwa ranar Juma'a.

Metir Fadel ya karanta ya ce, "Da kin yi shiru da wataƙila kin wuce." Na ce wataƙila. Ya ce, "Da kuma ban ƙara yarda da ke ba. Teburinki yana nan, ɗauko mini dosiyen mai atamfa."

Na shiga banɗaki na yi kukana, na wanke fuska, na ɗauko dosiyen. Na aika wa tela ya ninke rigar ya sa mata kafur. Wata biyar ne. Na jira shekara tara.

A gida Inna kawai na gaya wa. Na san inda maganar za ta kai kafin isha'i.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, da safe

Na gaishe shi. Ya ce, "Lafiya." Kalma ɗaya, amma na ƙirga ta.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, bayan la'asar

Da safe wayata ta cika da hotuna, kowa cikin baƙar riga a matakalar kotu, iyaye a gefe. Na yi wa kowa barka, na kife wayar. Metir Fadel ya tafi wurin bikin, ni kaɗai ce a kabine.

Wajen ƙarfe uku aka ƙwanƙwasa. Na ce a shigo ban ɗaga kai ba. Ƙamshin turaren Juma'arsa na fara ji.

Baba ne, da babbar rigarsa ta masallaci. Bai taɓa taka wurin nan ba, ban ma san ya san hanya ba. Na zabura zan ba shi kujerata, ya ɗaga hannu, ya zauna a ta masu kawo ƙara, ya ajiye sandarsa.

Ya ce, "An ce an ɗaga miki."

Na ce i.

"Wata nawa?"

Na ce biyar.

Ya ce, "Saniya ma wata tara take yi da ciki."

Ya dubi tulin dosiye. Sannan ya ce, "Maganar da kika yi a kara. Kika ce na tsare sunana na ba da naki." Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Ɗago. Kwana goma sha bakwai ina neman inda maganar ta karkace, ban samu ba. Tsohona cewa ya yi kada in shiga littafi. Bai ce in tura ɗiyata ta shiga a madadina ba. Shi da ya gudu, a bayansa ya goya ni, bai bar ni a hannun malamin lampo ba."

Na jawo durowa na ciro fom ɗin rajista, na cike masa layi-layi ina tambaya yana amsawa. Suna. Sunan uba. Sana'a. Da muka kai ƙarshe ya riƙe bik ɗin ya ce, "Ana karɓar ajami?" Na ce sa hannu sa hannu ne. Ya gyara zama, ya rubuta Boureima ɗan Hamma daga dama zuwa hagu, a hankali, kamar mai rubuta allo.

Ya ce, "In saniya ta mutu fa?"

Na ce, "Sai ka zo nan ka gaya mini."

Ya ce, "To, Metir."

Na ce ban zama ba tukuna. Ya ce shi ba majalisa ba ne.

Na raka shi bakin titi na tsayar masa da zem. Na ce ranar Litinin ƙarfe bakwai za mu tafi ofishin rajista, amma sai ya biya wurin mai hoto gobe an ɗauke shi hoto guda biyu. Ya sa hannu a aljihun gaba ya ciro 'yar ambulan, duk ta yi laushi da gumi. Hotuna ne, ya sa hula ya ɗaure fuska kamar za a harbe shi.

Na juya bayan ambulan ɗin, inda mai hoto yake buga kwanan wata. 23 ga Oktoba. Washegarin kara, ranar da na gaishe shi bai amsa ba.